Muhawara: Wai da gaske ne sai an riƙa sabunta wa baƙaƙen fatar Amurka 'yancin zaɓe?

Maman Sadiq (Kaduna):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. An turo min wani saƙo a WhatsApp, wai baƙaƙen fatar Amurka ba su da 'yancin zaɓe na dindindin, aro aka ba su, duk bayan shekara 25 sai majalisa ta zauna ta sabunta musu, kuma wai wa'adin zai cika a 2031. Ƙanina yana can da iyalinsa, bara ya zama ɗan ƙasa. Don Allah masu ilimin abin ku warware mana.

Barista Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba wanda zai karɓe wa ƙaninki ƙuri'a a 2031. Jita-jitar tsohuwa ce, tun ƙarshen shekarun 1990 take yawo, a lokacin cewa ake yi 2007 ne wa'adin, har sai da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta fito ta ƙaryata. Sai dai akwai gaskiyar da aka murɗe a ciki.

Abu biyu aka cakuɗa. Shi 'yancin kansa yana cikin kundin tsarin mulki, gyara na 15 da aka tabbatar a 1870, wanda ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa. Wannan ba shi da wa'adi. Amma jihohin kudu sun kwashe kusan shekara ɗari suna yi masa zagon ƙasa. Su sa harajin zaɓe da talaka ba zai iya biya ba. Su sa jarrabawar karatu, a miƙo wa manomi wani sashe na kundin tsarin mulkin jiha a ce ya karanta ya fassara, kuma magatakarda farar fata ne zai ce ya ci ko ya faɗi. Wanda ya nace, a kore shi daga aiki ko a ƙona masa gida. A Misisipi a 1964, kashi 6.7 cikin ɗari kacal na baƙaƙen fatar da suka isa zaɓe ne ke da rajista.

Shi ya sa aka yi Dokar 'Yancin Zaɓe, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 6 ga Agusta, 1965. Zuwa 1967 rajistar nan ta Misisipi ta kusa kai kashi 60. A cikin dokar akwai sassa na dindindin, kamar sashe na 2 da ya haramta wariya a harkar zaɓe a duk faɗin ƙasar. Akwai kuma na wucin gadi, babbansu shi ne sashe na 5, wanda ya ce jihohin da suka yi ƙaurin suna wajen wariya ba za su canza komai a tsarin zaɓensu ba, ko da ɗauke rumfar zaɓe ne daga wannan layi zuwa wancan, sai sun nemi izini daga Ma'aikatar Shari'a ko wata kotun tarayya a Washinton. Shi ake sabuntawa. An sabunta a 1970 da 1975 da 1982, sannan a 2006 aka ƙara masa shekara 25. Daga nan 2031 ɗin ta fito.

Abin da ke damuna shi ne ana ta tsoron 2031, alhali tun 2013 Kotun Ƙoli ta riga ta kwance wa sashen nan zani a kasuwa.

Maman Sadiq (Kaduna):
Na gode Barista, Allah ya ƙara basira. To me ya faru a 2013 ɗin?

Barista Ɗan Zazzau:
Gundumar Shelby ta jihar Alabama ce ta kai gwamnatin tarayya ƙara. Ranar 25 ga Yuni, 2013, alƙalai biyar cikin tara suka soke sashe na 4(b), wato ma'aunin da ke tantance jihohin da za su riƙa neman izini. Shi sashe na 5 ba a taɓa shi ba, yana nan a rubuce, amma babu jiha ko ɗaya da yake hawa kanta tunda an cire ma'aunin. Kafin hukuncin, jihohi tara ne gaba ɗayansu ke ƙarƙashinsa: Alabama, Alaska, Arizona, Jojiya, Luwiziyana, Misisipi, Karolaina ta Kudu, Teksas da Bajiniya, sai wasu yankuna a wasu jihohin.

Baban Ummi (Bronx):
Barista, a cikin "wasu yankuna" ɗin nan har da mu. Bronx da Brooklyn da Manhattan duk sai sun nemi izini a da, saboda jihar Niyok ta taɓa yin jarrabawar karatun Turanci kafin rajista, abin ya fi cutar da 'yan Puerto Rico. Mutanenmu na zango da suka cika unguwar nan da yawa ba su san haka ba, sun ɗauka maganar kudu ce kawai.

Ɗan Kwari:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Na bi labarin hukuncin nan, kuma ban ga laifin Alƙalin Alƙalai John Roberts ba. Ma'aunin da aka soke da alƙaluman zaɓen 1964 da 1968 da 1972 aka gina shi. A 2006 majalisa ta sabunta doka ta shekara 25 ba ta taɓa ma'aunin ba. To wane adalci ne a ce jikan mutum yana neman izini saboda laifin kakansa? Roberts ya kawo hujja cewa a biyar daga cikin jihohi shidan kudu da aka fara sa wa takunkumin, fitowar baƙaƙen fata ranar zaɓe ta zarce ta fararen fata. Ƙasar da ta zaɓi Obama sau biyu, a ce har yanzu 1965 ake ciki? Kuma kotu ba ta rufe ƙofa ba, cewa ta yi majalisa ta je ta rubuta sabon ma'auni.

Malama Ladi (Sabon Gari):
Ɗana Ɗan Kwari, ka ce laifin kaka. Mu duba ko kakan ya mutu da halinsa.

Akwai wani ƙaramin gari a Misisipi, Kilmichael. Ƙidayar 2000 ta nuna baƙaƙen fata sun zama masu rinjaye a garin, kuma da yawansu suka fito takara. Sai magajin gari da kansiloli, dukkansu fararen fata, suka soke zaɓen 2001 ɗungurungum ana saura 'yan makonni. Sashe na 5 ne ya sa Ma'aikatar Shari'a ta taka musu birki, aka yi zaɓe, garin ya samu magajin gari baƙar fata na farko. Wannan 2001 ce fa, ba 1965 ba.

Ita kanta gundumar Shelby da ta kai ƙarar, a cikinta akwai garin Calera. Sun sake shata mazaɓu, suka narkar da mazaɓa ɗaya tilo da baƙaƙen fata ke da rinjaye, kansila baƙar fata guda ɗaya da suke da shi, Ernest Montgomery, ya faɗi zaɓe a 2008. Ma'aikatar Shari'a ta ƙi amincewa da taswirar, aka sake zaɓe, ya dawo kujerarsa. Gundumar da aka yi wannan aikin a cikinta ce ta je kotu tana cewa zamani ya canza.

Ɗan Kwari:
Mama, na yarda waɗannan misalan munana ne. Amma ai sashe na 2 yana nan. Wanda aka zalunta ya tafi kotu kamar kowa. Me ya sa sai an ware wasu jihohi?

Barista Ɗan Zazzau:
Alhaji, nan ne gizo ke saƙar, kuma mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin amsar. Wa ya ci riba idan aka yi shekara uku ana shari'ar zaɓe? Wanda ke kan kujera. A ƙarƙashin sashe na 5, jiha ce za ta kawo hujjar cewa canjinta ba zai cutar da kowa ba, kuma kafin a yi zaɓe. A ƙarƙashin sashe na 2, talakan da aka cuta ne zai nemo lauyoyi da masana taswira da kuɗin biyansu, ana shari'a ana gudanar da zaɓe da dokar da yake ƙara a kanta. Ko ya yi nasara, ba a dawo masa da zaɓen da ya wuce.

Dubi Alabama. Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 27 na jama'ar jihar, tana da kujeru bakwai a Majalisar Wakilai, amma taswirar 2021 mazaɓa ɗaya ta bar musu. Ƙaramar kotun tarayya ta ce taswirar ta saɓa doka, duk da haka da ita aka yi zaɓen 2022. Sai a Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, kuma Roberts ɗin nan ne ya rubuta shi. Da aka gyara, ɗan takara baƙar fata, Shomari Figures, ya ci sabuwar mazaɓar a 2024. Shekara biyun da ke tsakani kuwa sun tafi.

Shi ma sashe na 2 ɗin ba a bar shi lafiya ba. A 2021, a wata shari'a daga Arizona, alƙalai shida cikin tara sun tsaurara sharuɗɗan da mai ƙara zai cika kafin ya yi nasara kan dokokin kaɗa ƙuri'a.

Sannan kada a manta majalisar 2006 ba da ka ta yi aiki ba. Ta tara shaidu sama da shafi 15,000. Tsakanin 1982 da 2006 Ma'aikatar Shari'a ta hana canje-canje fiye da 700. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 390 da 33, Majalisar Dattawa 98 babu ko ɗaya da ya ƙi, George W. Bush ɗan Republican ya sa hannu. Duk sabuntawar da aka yi ma shugabannin Republican ne suka sa hannu: Nixon, Ford, Reagan, Bush. Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg, da take bayyana rashin amincewarta da hukuncin 2013, ta kwatanta abin da mutumin da ya jefar da lemarsa ana tsaka da ruwan sama don ya ga bai jiƙe ba.

Ɗan Kwari:
To bari in tambayi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kullum sai a ce dokar nuna katin shaida wariya ce. Mu nan ba ka zaɓe sai da katin zaɓe, har na'ura sai ta duba yatsanka ko fuskarka. Ba wanda ya ce wariya ce. Me ya sa a Amurka ya zama abin faɗa?

Baban Ummi (Bronx):
Alhaji, bambancin babba ne. A Najeriya hukuma ɗaya ce, INEC, kati iri ɗaya, kyauta, kowa shi zai nuna daga Sakkwato har Kalaba. Nan babu hukumar zaɓe ta ƙasa da ke gudanar da zaɓe, babu kuma katin ɗan ƙasa na bai-ɗaya. Kowace jiha da dokarta, kuma 'yan siyasar da ke mulkin jihar ne ke zaɓar irin katin da za a karɓa. Dokar da Teksas ta yi a 2011 ta karɓi lasisin riƙe bindiga, ta ƙi katin ɗalibin jami'a. Kotun tarayya ta hana ta aiki a 2012 a ƙarƙashin sashe na 5. Ranar da aka yanke hukuncin Shelby, a ranar, babban lauyan jihar Greg Abbott ya sanar cewa dokar ta fara aiki.

Ni direban tasi ne, lasisi na aljihuna, ba abin da ya dame ni. Amma tsohuwar da aka haifa a gida a ƙauye, ba ta tuƙi, ba ta da takardar haihuwa, ofishin da ke ba da katin yana wani gari mai nisa? Ita ake zubarwa.

Barista Ɗan Zazzau:
Ƙari a kan na Baban Ummi: Karolaina ta Arewa ta yi tata dokar makonni kaɗan bayan hukuncin. 'Yan majalisar jihar sai da suka nemi alƙaluman yadda masu kowane launin fata ke zaɓe, sannan suka rage ranakun zaɓen wuri (wato kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe), suka soke rajista a ranar kaɗa ƙuri'a, suka ware katunan da za a karɓa. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke waɗannan tanade-tanaden, ta ce an auna baƙaƙen fata ne daidai wa daida kamar aikin likitan tiyata.

Nas Ummulkhairi (Atlanta):
Salam iyayena da yayyena. Ina karantawa tun ɗazu, yanzu na tashi daga aiki. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. A zaɓen fidda gwani na Yuni 2020, lokacin korona, na bi ta wata rumfar zaɓe a unguwarmu da safe zan tafi aiki, layi ya zagaye ginin ya bi gefen titi. Da na dawo da yamma layin yana nan. Akwai wata dattijuwa da ta zo da kujerar roba, idan layi ya matsa sai jikanta ya ɗaga kujerar ya matsar, ta dafa kafaɗarsa ta sake zama. Wata kuma sanye da kayan aikin kanti tana ta duba agogo, can ta fice daga layin ta nufi tashar bas. Ba wanda ya hana ta zaɓe, ba wanda ya zage ta, amma ƙuri'arta ba ta shiga akwati ba. Abokan aikina da ke zaune a unguwannin masu hali suka ce su ko minti ashirin ba su yi ba.

Akwai rahoton da gamayyar ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a ta fitar a 2019, ya ƙirga rumfunan zaɓe 1,688 da aka rufe tsakanin 2012 da 2018 a yankunan da a da sai sun nemi izini. Sannan a 2021 jiharmu ta Jojiya ta yi dokar da ta haramta miƙa wa mai tsaye a layi ruwa ko abinci a kusa da rumfa. Bayan abin da na gani, wannan ya tsaya min a rai ƙwarai.

Ɗan Kwari:
Sannu da aiki ƙanwata. Amma ai bayan dokar 2021 ɗin, mutanen Jojiya sun fito zaɓen wuri fiye da kowane lokaci a 2022 da 2024. Idan danniya ce, ya aka yi adadi ya ƙaru?

Nas Ummulkhairi (Atlanta):
Yaya, adadi ya ƙaru, gaskiya ne. Amma ka san wahalar da coci-coci da masallatai da ƙungiyoyi suka sha kafin ya ƙaru? Kwasar tsofaffi a mota, bin gida-gida, cike wa mutane takardu. Kuma jimilla tana ɓoye abu. Cibiyar Brennan mai bincike kan dokokin zaɓe ta yi nazari a 2024, ta gano tazarar fitowa zaɓe tsakanin fararen fata da sauran jinsuna tana ƙaruwa a duk ƙasar, amma a gundumomin da aka cire wa takunkumi saurin ƙaruwarta ya kusa ninki biyu.

Malama Ladi (Sabon Gari):
Allah ya yi miki albarka 'yata. Dattijuwar nan mai kujera ta tuna min sunan da aka sa wa dokar 2006, sunayen mata uku ne: Fannie Lou Hamer, Rosa Parks da Coretta Scott King. Ita Fannie Lou Hamer 'yar ƙodago ce a gonar auduga. A 1962 ta je yin rajista, da ta dawo mai gonar ya kore ta daga inda ta yi shekara 18 tana aiki. A 1963 aka kama ta aka yi mata dukan da ya bar mata ciwo har ta koma ga Allah. Ranar 7 ga Maris, 1965 kuma, mutum kusan 600 suka taso daga garin Selma za su birnin Montgomery a jihar Alabama, 'yan sanda suka tare su a gadar Edmund Pettus da kulake da barkonon tsohuwa, aka fasa wa John Lewis, ɗan gwagwarmayar da daga baya ya zama ɗan majalisa, kai. Wata biyar bayan nan aka sa hannu a dokar.

Ni abin ba ya min nisa. Mu matan Arewa ba mu yi zaɓen 1959 ba alhali matan kudu sun yi. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan na ƙasa a 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan maganar nan, a garin nan namu. Mahaifiyata da furfurarta ta fara shiga layin zaɓe. Shi ya sa idan na ji an ce "ai yanzu an wuce wurin", jikina ba ya yarda da sauri.

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi armashi, a ci gaba da mutunta juna. Barista, Ɗan Kwari ya ce kotu ta bar wa majalisa ƙofa. Tun 2013 ke nan, me ya hana ta shiga?

Barista Ɗan Zazzau:
Ranka ya daɗe, an gwada. Kuma a nan ina tare da Alhaji a abu ɗaya: ma'aunin ya tsufa, tun a wata shari'a ta 2009 Roberts ya yi gargaɗi a kansa, majalisa ta yi kunnen uwar shegu. A ganina ba ɗan majalisar da ke son a sa jiharsa a sabon jerin, shi ya sa kowa ya kau da kai.

Bayan hukuncin, Terri Sewell, 'yar majalisa da ta tashi a Selma, ta riƙa gabatar da ƙudurin gyara. Ya wuce Majalisar Wakilai a Disamba 2019. John Lewis ya rasu a Yuli 2020, aka sa wa ƙudurin sunansa, ya sake wucewa a Agusta 2021 da ƙuri'a 219 da 212. A Majalisar Dattawa ya maƙale, saboda ƙa'idarsu ta cewa sai sanata 60 cikin 100 sun yarda kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a. A Janairu 2022 'yan Democrat suka nemi sassauta ƙa'idar, biyu daga cikinsu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka ƙi, aka tashi 48 da 52. Dokar da ta samu 98 babu hamayya a 2006, yau ta zama ta jam'iyya ɗaya. Wannan ya fi 2031 ba ni tsoro, domin ko wa'adin ya zo, sabunta sashe na 5 ba tare da sabon ma'auni ba aikin banza ne.

Baban Ummi (Bronx):
Shi ya sa wasu jihohi suka daina jiran Washinton. Bajiniya ta yi tata dokar a 2021, mu a Niyok aka yi a 2022 da sunan John Lewis, har da tsarin neman izini ga wasu ƙananan hukumomi. Amma jihohin da suka fi buƙata ba su ne ke yi ba.

Hajiya Maman Sadiq, ki isar wa ƙaninki wannan: tanadin fassara takardun zaɓe da aka ƙara a 1975 ya shafi Sifaniyanci da harsunan Asiya da na 'yan asalin ƙasar, babu Hausa a ciki. Amma akwai sashe na 208, na dindindin ne, wanda ya ba duk wanda ba ya iya karatu ko yake da naƙasa damar shiga da mutumin da ya zaɓa ya taimaka masa, in dai ba ubangidansa na aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa. Tsofaffinmu da yawa na zama a gida saboda kunyar Turanci, alhali doka ta ba su wannan.

Ɗan Kwari:
Har yanzu ina kan bakana cewa ba daidai ba ne a ɗaure jiha da tarihin shekara hamsin. Idan za a dawo da neman izini, to ya hau kan kowa ko kuma a bar shi. Barista, shi sabon ƙudurin wane ma'auni ya kawo? Idan tsohon jerin za a dawo da shi ta bayan gida, ban goyi baya ba.

Barista Ɗan Zazzau:
Ba tsohon jerin ba ne, Alhaji. Ƙudurin da ya wuce Majalisar Wakilai a 2021 shekara 25 na baya-bayan nan yake dubawa, kuma lissafin yana tafiya da zamani, kowace shekara tsohuwa na fita sabuwa na shiga. Jihar da aka samu take haƙƙin zaɓe sau 15 a cikinta a wannan tsakanin, ko sau 10 idan aƙalla ɗaya gwamnatin jihar ce da kanta ta aikata, za ta shiga neman izini na shekara 10. Ƙaramar hukuma kuma sau uku. Bai ambaci kudu ko arewa ba, Kalifoniya ko Niyok ma idan suka cika adadin za su shiga, wadda ta gyara halinta kuma ta fita.

Ɗan Kwari:
In haka ne, da sauƙi. Saura a ga me za a ƙirga a matsayin take haƙƙi. Idan hukuncin kotu ne na yarda. Idan kuwa har da sulhun da ƙaramar hukuma ta yi don gudun kuɗin lauya, ko ƙin amincewar wani jami'in ma'aikata, to akwai sauran magana, domin ma'aikatar tana canza fuska duk lokacin da aka canza shugaban ƙasa.

Barista Ɗan Zazzau:
Duka ukun suna cikin ƙudurin: hukuncin kotu, ƙin amincewar babban lauyan gwamnati, da sulhun da ya kai ga janye dokar da aka yi ƙara a kanta. Na sulhun ne 'yan adawa suka fi suka, kuma ni ma ina ganin wurin da za a iya zama a daidaita ne. Amma a tuna, jihar da ba ta yarda da ma'aikatar ba tun 1965 tana da hanya ta biyu, ta kai canjinta gaban alƙalai uku na kotun tarayya a Washinton. Teksas ta bi wannan hanyar da dokar katinta a 2012, alƙalan uku duka suka ƙi amincewa da ita.